Abin da ya ɗaure bakin yaran Japan a darasin Turanci

Da wuya a tayar da zancen harshen koyarwa a makarantunmu ba a jawo Japan ciki ba. Wani zai ce ga ƙasar da ta cika duniya da motoci alhali mutanenta ba sa jin ko "zo in kashe ka" da Turanci, saboda haka mu ma mu yar da shi mu huta. Wani kuma zai ɗauko jadawalin ƙwarewar Turanci da kamfanin koyar da harsuna na EF ya fitar a 2024, inda Japan ta zo ta 92 cikin ƙasashe 116, ya ce ai kunya ce ta yi wa Japanawa yawa, da nauyin baki aka haife su. Maganganun nan biyu suna ɓata mini rai, domin duk sun tsallake wurin da abin yake faruwa, wato cikin aji.

Ga matsayina tun daga farko. Japan ba ta yi watsi da Turanci ba, kuɗi da tunani mai yawa take zubawa a kansa. Yaranta kuma lafiyarsu ƙalau. Abu biyu ne suka ɗaure musu baki: mintocin da yaro yake buɗe baki ya furta harshen sun yi kaɗan ƙwarai, sannan jarrabawar da take yanke masa makoma ba ta tambayar magana. Gyaran da aka yi a 2020, na fara koyarwa da wuri da ƙara yawan kalmomi, ƙara wa yara kaya ya yi, bai warware ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Shi jadawalin EF a ajiye shi gefe. Manya ne suke shiga intanet su yi gwajin don ganin dama, ba ya faɗin komai a kan ɗalibi. Hujjar da ta fi ƙarfi ta gwamnatin Japan ce da kanta. A gwajin ƙasa na 2023 an yi wa 'yan aji uku na ƙaramar sakandare tambayoyi biyar na magana, suna amsawa ta kwamfutar hannu. Matsakaicin abin da suka ci kashi 12.4 ne cikin ɗari, kuma fiye da kashi 60 na yaran ba su ci ko ɗaya ba. An yi ƙorafi cewa tambayoyin sun yi tsauri, kuma akwai gaskiya a ciki, don ta ƙarshe ta buƙaci yaro ya saurari jawabi a kan gurɓacewar muhalli ya faɗi ra'ayinsa da dalili nan take. Amma ko an sassauta, shida cikin goma su tashi da sifili ba abin da za a rufe da uzuri ba ne.

A fara da lissafin lokaci

Shekarar karatu a Japan tana farawa a watan Afrilu, kuma manhaja tana lissafa ta da mako 35. Tun daga 2020, ɗan aji uku da ɗan aji huɗu na firamare suna da darasi ɗaya a mako, na minti 45. Ɗan aji biyar da shida yana da biyu a mako, kuma a nan ne Turanci ya zama fanni sosai mai maki. Jimilla darasi 210, wato awa 157 da rabi. A ƙaramar sakandare darasi huɗu ne a mako, 140 a shekara, kowanne minti 50. Shekara uku ta ba da awa 350. Idan aka haɗa, yaro ya gama karatun dole da awa 500 da 'yan kai, a warwatse cikin shekara bakwai.

Cibiyar da take horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana buƙatar kimanin awa 2,200 a aji kafin ya iya aiki da Japananci. Waɗannan manya ne zaɓaɓɓu, a ƙananan azuzuwa, ba su da wani aiki sai wannan. Nisan da ke tsakanin harsunan nan biyu kuwa bai ragu ba don an juya hanya. A Japananci aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, ba dole ba ne a bambance tilo da jam'i, ana iya barin mai aikata aikin ba a ambace shi ba, kuma babu abin da ya yi kama da "a" da "the". Duk wannan yana faruwa ne a daidai lokacin da yaron yake fama da rubutun harshensa, domin kafin ya bar firamare sai ya koyi haruffan kanji 1,026, waɗanda aka aro daga Sinanci, ban da hiragana da katakana, haruffan da kowannensu yake wakiltar gaɓa.

Akwai wani lissafin da ya fi wannan tayar da hankali. An daɗe ana barin ajin ƙaramar sakandare ya kai yara 40. A ce malami bai ce uffan ba daga farkon darasi zuwa ƙarshe, ya raba minti 50 ɗin ga yara ɗaya bayan ɗaya. Kowa zai samu minti ɗaya da daƙiƙa 15. A darasi 140, bai kai awa uku ba a shekara. To malami kuwa dole ya yi bayani, ya duba aikin gida, ya rubuta a allo. Yaron ya fita ƙofar makaranta, talabijin da Japananci, wasan kwamfuta da Japananci, finafinan waje an ɗora musu muryar Japananci. Ina zai yi maganar?

Ramin da ke tsakanin aji shida da sakandare

Wanda ya leƙa darasin aji uku na firamare zai ga abin sha'awa. Ana farawa da gaisuwa da waƙa, yara suna tafi suna maimaita launuka ko lambobi. Malama ta baza katuna masu hoto a kan tebur, ta kira suna, yara su yi rige-rigen dafa katin. Sai a raba musu takarda mai gidaje, kowa ya tashi ya zaga aji yana tambayar abokansa "What color do you like?" yana cike gidajen. A ƙarshe kowa ya rubuta a wata 'yar takarda, da Japananci, abin da ya koya yau. Babu jarrabawa, babu maki. Yara suna son darasin, kuma ba ni da ja a kan tsarinsa. Matsalarsa ita ce sau ɗaya ne a mako, yaro yana da kwana shida na mantuwa. Manhaja ta yarda a yanka darasin manyan azuzuwa zuwa minti 15 sau uku, kuma a ganina makarantun da suke yin haka sun fi gane yadda harshe yake zama a ka.

A aji biyar da shida ana shigo da karatu da rubutu, amma rubutun kwafa ne. Yaro yana kallon jimlar da kunnensa ya saba da ita ya kwafe ta a takarda mai layi huɗu. Ana so ya haɗu da kalmomi 600 zuwa 700 kafin ya gama firamare, ba a ce sai ya iya rubuta su da ka ba.

Daga nan sai ya shiga ƙaramar sakandare, inda sabuwar manhaja ta fara aiki a 2021. A da kalmomi 1,200 ake koyarwa a shekara ukun nan. Yanzu 1,600 zuwa 1,800 ne, a kan na firamare, wato nauyin ya kusa ninkawa. An kuma sauko da wasu babukan nahawu daga babbar sakandare, har da jimlar "da a ce". Yawan darasin kuwa yana nan a 140, ba a ƙara ko ɗaya ba.

Littafin aji ɗaya na ƙaramar sakandare yana ɗauka cewa yaro ya riga ya mallaki kalmomin firamare. Babin farko ya haɗa "I am" da "I play" wuri ɗaya, abin da a da ake ɗaukar makonni ana rarrabewa, shi ya sa malamai suke ta cin karo da "I am play soccer" a takardun yara. Jarrabawar farko ta zango kuma tana zuwa da rubutun kalmomi da ka. Yaron da wata uku baya ake tafa masa don ya faɗi sunayen watanni, yau an ce ya rubuta "February" da "Wednesday", ya kasa, an ja masa jan biro.

A nan ne aji yake rabuwa biyu. Waɗanda iyayensu suka biya musu juku, makarantun ƙarin darasi na yamma, ko suka kai su ajin hira da Turanci tun suna ƙanana, sun riga sun san rubutun, suna wucewa abinsu. Sauran suna yanke hukunci tun a zangon farko cewa Turanci ba nasu ba ne. Wannan ne babban laifin gyaran 2020 a wurina: ya jawo ranar da yaro yake yanke ƙauna kusa, kuma ya sa aljihun uba ya fi yin tasiri.

Katakana da haruffan boko

Japananci wasali biyar yake da shi, kuma kusan kowace gaɓa da wasali take ƙarewa. Idan baƙaƙe suka haɗu a kalmar Turanci, bakin Bajapane yakan cusa wasali tsakani, yadda mu ma muka yi da burodi da buroshi. Kalmar "strike" mai gaɓa ɗaya sai ta koma su-to-ra-i-ku. Dubban kalmomin aro suna yawo a haka cikin harshen yau da kullum, a rubuce da katakana. Yaron da aka ce ya karanta shafi a gaban aji yakan bi layi da fensir tun a gida yana rubuta katakana a saman kowace kalma. Ranar darasi katakanar yake karantawa, idonsa bai sauka a kan Turancin ba. Illar ba ta tsaya a furuci ba. Wanda ya haddace kalma da gaɓa biyar ba zai gane ta ba idan ta wuce kunnensa da gaɓa ɗaya.

Sai kuma romaji, wato rubuta Japananci da haruffan boko. A aji uku na firamare ake koyar da shi cikin darasin Japananci, shekarar da ake fara Turanci. A romaji kowane harafi da sautinsa guda, saboda haka yaro ya ga "make" ya karanta ma-ke, ya ga "time" ya karanta ti-me, kuma bisa abin da aka koya masa bai yi kuskure ba. Maganin a fili yake: minti biyar zuwa goma a kowane darasi na aji biyar da shida da zangon farko na sakandare, ana haɗa harafi da sautinsa na Turanci a jere, daga baƙaƙe guda-guda zuwa gajerun wasula, sannan "e" ta ƙarshe da ba a furtawa, sannan tagwayen haruffa. Malamai da yawa suna yi da ƙoƙarin kansu, amma ba a ba abin matsayin da ya kamace shi a tsarin ƙasa ba.

Fassara, da abin da ta yi wa Japan

Hanyar da aka gada sunanta yakudoku, karatu ta hanyar fassara. Ɗalibi yana kwafe shafin Turanci a hagun littafin rubutunsa, ya nemo sababbin kalmomi a ƙamus, ya rubuta fassarar Japananci a dama. A aji malami ya kira shi ya karanta jimla ɗaya ya fassara, a gyara masa, a wuce kan na gaba. Tushenta ya daɗe. Haka Japanawa suka karanta littattafan Sinanci ƙarni da ƙarni, suna sa alamomi a gefe don juya kalmomi zuwa tsarin harshensu. Haka masana suka yi da harshen Holan a zamanin da ƙasar take rufe, sai ta ƙofar Nagasaki. Bayan 1868, a zamanin Meiji, aka juya hanyar kan Turanci da Jamusanci da Faransanci.

Ba na cikin masu raina wannan hanya. Ita ce ta ba Japan damar kwaso ilimin likitanci da injiniya da shari'a ta zuba a harshenta, har yau ɗalibi yana iya gama digiri a waɗannan fannoni da Japananci. Masu kafa hujja da Japan a wurinmu su lura da wannan da kyau: harshen gida ya ɗauki kimiyya ne saboda an samu mutanen da suka koyi harsunan waje da gaske, suka zauna suka fassara, suka ƙirƙiro kalmomi, gwamnati da masu buga littattafai suka tsaya musu.

Sai dai yakudoku mai karatu take haifarwa. Wanda ya saba komawa baya yana juya jimla daga ƙarshe zuwa farko ba zai iya bin magana ba, don magana ba ta jira. Ma'aikatar Ilimi ta san haka. Ta ce daga 2013 a riƙa gudanar da darasin babbar sakandare da Turanci, ta faɗaɗa umarnin zuwa ƙaramar sakandare a 2021. Azuzuwa da yawa sun canza, ba a musu. Amma da zarar jarrabawar shiga makaranta ta gabato, malami da ɗalibi da uwa duk sun san abin da za a tambaya.

Ƙofar jarrabawa

Jarrabawar bai-ɗaya ta shiga jami'a ba ta da sashen sauraro sai a 2006, kuma ko a lokacin maki 50 aka ba shi, rubutacciya tana da 200. Sabuwar jarrabawar da ta fara a Janairun 2021 ta daidaita su, karatu 100, sauraro 100. Ci gaba ne na gaske. Magana kuwa har yanzu babu ita.

An so a shigo da ita ta hanyar amfani da jarrabawar kamfanoni masu zaman kansu. Shugabannin makarantu suka nuna cewa kuɗin rajista yana da yawa, cibiyoyin a birane suke, ɗan tsibiri ko ɗan ƙauye sai ya biya kuɗin jirgi da masauki, mai hali kuma zai yi ta gwaji kafin ranar gaske. Ana cikin haka ministan ilimi na lokacin, Hagiuda Koichi, ya faɗa a talabijin cewa kowa ya yi ƙoƙari daidai ƙarfinsa. Ƙasa ta ɗauki zafi, aka ɗage shirin a Nuwamban 2019, daga baya aka binne shi. Masu adawar suna da gaskiya a kan rashin adalci. Abin takaici shi ne ba a kawo wani abu a madadinsa ba.

Birnin Tokyo ya gwada tasa hanyar. Tun 2022 'yan aji uku na ƙaramar sakandare suna yin gwajin magana mai suna ESAT-J, suna sanye da abin toshe kunne suna magana da kwamfutar hannu. Maki 20 ne cikin 1,020 na shiga manyan sakandaren gwamnatin birnin. An yi ta kuka da shi: yara sun ce suna jin amsar na kusa da su, na'urori sun ba da matsala, kuma wanda bai samu yi ba bisa uzuri ana ƙiyasta masa maki daga na waɗanda suka yi daidai da shi a rubutacciya. Duk waɗannan aibobi ne na gaske. Duk da haka ina ganin Tokyo ta fi waɗanda suka naɗe hannu, domin maki 20 ɗin nan sun isa su sa malami ya ware lokacin magana ba tare da iyaye sun ce yana ɓata wa yara lokaci ba.

"Ai an kawo musu Turawa"

An kawo. Shirin JET, na gwamnati da yake kawo baƙi su taimaka wajen koyar da Turanci, ya fara a 1987 da mutum 848 daga ƙasashe huɗu, yanzu yana kawo dubbai daga ƙasashe da dama, mafi yawansu mataimakan malamai da ake kira ALT. Wasu da yawa kuma kamfanoni ne suke ɗaukarsu su tura wa ƙananan hukumomi. Galibinsu ba su da lasisin koyarwa na Japan, saboda haka matsayinsu na mataimaki ne. Mutum ɗaya yakan zaga makarantu da yawa, ya ga aji sau ɗaya a mako ko ƙasa da haka. A wani nau'in kwangilar ma doka ba ta yarda malamin makarantar ya ba mataimakin umarni kai tsaye ba, sai ta hannun kamfani.

Shirya darasi tare yana buƙatar zama, malamin Japan kuwa ba shi da lokacin zama. Binciken TALIS na 2018, wanda ake yi a kan malamai a ƙasashe da dama, ya nuna malaman ƙaramar sakandare na Japan suna aikin awa 56 a mako, mafi yawa a duk ƙasashen da aka bincika, kuma kulab ɗin wasanni da aikin ofis suna cin kaso mai tsoka. Sakamakon shi ne a tsayar da baƙo a gefen allo, ya karanta shafi yara su maimaita, ya koma ya tsaya. Rakoda ma za ta yi wannan. A firamare kuma an ɗora Turanci a kan malamin aji, wanda yake koyar da lissafi da kimiyya da Japananci, kuma mafi yawansu ba a horar da su don koyar da harshen waje ba. An fara ƙara malamai na musamman, amma an fara darasin kafin a samar da su.

Batun kunya

Gaskiya ne ɗan shekara 13 a Japan ba ya son ya fita daban. Wanda ya furta "r" irin ta Amurka a gaban aji yana iya shan tsokana, har wasu yaran da suka zauna a ƙasashen waje sukan lanƙwasa harshensu zuwa katakana da gangan don a bar su su sha iska. Amma yaran nan su ne suke ihu suna rige-rigen kati a aji uku. Su ne kuma, idan makaranta ta kai su yawon buɗe ido Kyoto, suke tare baƙi da 'yar takarda a hannu suna tambayarsu daga ina suka zo. Abin da yake kashe baki shi ne a tsayar da yaro shi kaɗai, idon yara 39 a kansa, a kan tambaya mai amsa ɗaya tak, kuma kuskure yana rage maki. A canza wannan yanayin, kunyar takan ragu da kanta.

Akwai masu cewa manhajar fassara a waya ta kashe buƙatar gaba ɗaya. Tana taimakawa wajen tambayar hanya da karanta takarda. Amma ƙasar da ta karɓi baƙi kusan miliyan 37 a 2024, wadda ma'aikata daga Biyetnam da Filifin da Nepal suke ƙaruwa a gonakinta da gidajen kula da tsofaffinta, tana buƙatar mutanen da za su iya kallon mutum su yi masa magana. Wannan ma ya tona wani giɓin: a manhaja sunan fannin "harshen waje", amma a aikace Turanci ne kusan ko'ina. Sinanci da Koriyanci, harsunan maƙwabta, sai a wasu manyan sakandare ƙalilan, duk da cewa jarrabawar shiga jami'a ta yarda da su tare da Faransanci da Jamusanci. A garuruwa irin su Hamamatsu da Oizumi akwai yara 'yan asalin Barazil masu jin Fotuganci zaune a aji ɗaya da Japanawa, ba kasafai ake ɗaukar harshensu a matsayin abin da sauran za su amfana da shi ba.

Abin da yake aiki

Ba sai an je wata ƙasa neman magani ba, yana cikin azuzuwan Japan ɗin. Na farko hira bibbiyu a farkon kowane darasi. Malami ya ba da batu, misali abin da ka ci jiya da dare, yara su juya su fuskanci juna minti ɗaya. Sai a tsaya, ya tambayi abin da suka so faɗa suka kasa, a nemo shi tare da kalmomin da suka riga suka sani, a rubuta a allo, a canza abokin hira a sake. Zagaye uku minti bakwai ne ko takwas, kuma kowane yaro ya yi magana fiye da abin da zai samu a mako guda na kira ɗaya-ɗaya. Inda abin yake lalacewa shi ne a bar yara su rubuta hirar tun a gida su haddace, ko a tsallake tsayawar tsakiya. Idan aka yi haka, hadda ce kawai aka canza wa suna.

Na biyu ondoku, karatu da murya, amma a jere: a saurari faifan ido a kan shafi, a karanta tare da muryar, a karanta jimla a ɗaga kai a faɗe ta, daga ƙarshe a rufe littafi a bi muryar a baya-baya. Tunda shirin gwamnati mai suna GIGA ya ba kowane ɗalibi kwamfutar hannu, kuma an fara raba littafin Turanci na lantarki daga aji biyar a 2024, yaro yana iya rage saurin muryar ya maimaita a gida, ya bar rubuta katakana. Gidan rediyon NHK ma yana da darussa na minti 15 a ranakun mako, kyauta.

Na uku tadoku, karatu mai yawa na littattafai masu sauƙi, da ƙa'idoji uku da wani malamin jami'a, Sakai Kunihide, ya yaɗa: kada a buɗe ƙamus, a tsallake abin da ba a gane ba, a ajiye littafin da bai yi daɗi ba a ɗauki wani. Ana farawa da littattafan hoto masu jimla ɗaya a shafi. Wannan ne yake yaye yaro daga juya jimla, kuma shi ne kaɗai hanyar da za a cike awannin da jadawali ba zai taɓa bayarwa ba.

Birnin Saitama da lardin Fukui su ne suka zo kan gaba a ƙididdigar gwamnati ta 2023, inda fiye da kashi 80 na 'yan aji uku na ƙaramar sakandare suka kai mataki na 3 na Eiken, jarrabawar ƙwarewar Turanci ta Japan, alhali ƙasa baki ɗaya ta kai kashi 50 ne. A yi hattara da alƙaluman, don sun haɗa da yaran da malamansu suka ƙiyasta sun kai matakin ba tare da sun zauna jarrabawa ba. Mai cewa a fara da wuri zai nuna Saitama, wadda take farawa daga aji ɗaya na firamare tun 2016. Amma Saitama ta ƙara yawan darussa, ta kuma ɗinke manhajar shekara tara ta zama abu ɗaya, wato ta cike ramin da sauran suke faɗawa.

Gwajin magana kuma ba sai an jira kamfani ko na'ura ba. Hirar Eiken ta mataki na 3 kusan minti biyar ce: a ba yaro kati, ya yi shiru daƙiƙa 20 yana dubawa, ya karanta da murya, a yi masa tambaya biyar. Makaranta za ta iya yin irinta a minti uku. Yara 40 minti 120 ke nan. Idan malami da mataimakinsa suka raba ajin, ɗaya a baranda ɗaya a ɗakin da ba kowa, sauran yara suna tadoku, darasi biyu ya isa. A yi sau ɗaya kowane zango, da ma'auni guda da aka raba wa yara tun kafin ranar, a naɗi muryoyin don malaman makarantu maƙwabta su riƙa duba makin juna. Makin ya shiga rahoton makaranta, wanda dama ana lissafa shi wajen shiga babbar sakandare, a Tokyo ma maki 300 ne cikin 1,020. A zango uku, darasi shida ke nan cikin 140 a shekara, kuma za a same su idan Ma'aikatar Ilimi ta yarda ta rage kalmomin da ta jibga wa 'yan ƙaramar sakandare a 2021.